Kuɗi na ƙaruwa, koke na ƙaruwa: me ke faruwa da karatun yara masu galahanga a Ingila?

A watan Oktoban 2024 Ofishin Binciken Kuɗin Gwamnati na Birtaniya ya fitar da rahoto kan karatun yara masu buƙata ta musamman a Ingila, kuma abin da ke ciki ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Kuɗin da gwamnati ke ware wa masu buƙatu masu nauyi ya kai fam biliyan 10.7 a shekara, ƙarin kashi 58 cikin 100 a shekara goma bayan an cire hauhawar farashi. Yaran da ke riƙe da takardar tallafi ta doka sun tashi daga kimanin 240,000 a 2015 zuwa 576,000 a farkon 2024. Duk da haka rahoton ya ce sakamakon karatun yaran bai gyaru ba, amincewar iyaye da tsarin ta ragu, ƙananan hukumomi da dama kuma suna gab da durƙushewa saboda bashi.

Yara masu galahanga (autism) ne suka fi yawa a wannan lissafi. Cikin duk ɗalibai uku masu waccan takarda, kusan ɗaya galahanga ce babbar lalurarsa, kuma ƙararrakin da suka shafe su ne suka fi yawa a gaban kotun da ke sauraron irin waɗannan koke-koke. To ƙasar da ke da doka da kuɗi da ƙwararru, yaya aka yi iyaye ke cewa ba su gamsu ba? Kuma da ma me ake aunawa idan an ce gamsuwar iyaye?

## Abubuwan da ake magana a kansu

Galahanga, wadda likitoci ke kira autism, yanayi ne da ya shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa. A bakin jama'a akan jingina sunan ga wasu lalurori daban, amma a nan wannan ɗaya ake nufi. Alamominta sukan fara bayyana tun yaro yana ƙarami: jinkirin magana ko rashinta, wahalar gane nufin mutane daga fuska da murya, son maimaita abu ɗaya, ƙin a sauya masa tsarin da ya saba, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da yadda sauran mutane ke ji. Allurar rigakafi ba ta jawo ta, haka ma sakacin tarbiyya. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita.

Abin da ya fi shafar makaranta shi ne tazarar da ke tsakanin yaran su kansu. Akwai ɗan shekara goma da ba ya furta kalma, sai an taimaka masa wajen cin abinci da kewayawa. Akwai tsaransa da ke zuwa na ɗaya a lissafi, amma hayaniyar ɗakin cin abinci kaɗai ta isa ta hana shi shiga aji. Iyayen waɗannan biyun suna amsa suna ɗaya a takardun bincike, alhali abin da kowanne ke nema daga makaranta ya sha bamban.

Takardar tallafin da ake ta rigima a kanta ita ce aka fi sani da EHCP, wato shirin ilimi da lafiya da kulawa, wanda Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ta zo da shi. Ƙaramar hukuma ce ke tantance yaro, kuma doka ta ba ta mako 20 daga ranar da aka nema zuwa ranar da za ta miƙa takardar. A ciki ake rubuta buƙatun yaron, da irin taimakon da za a ba shi, misali awa kaza da mai koyar da magana ko mataimakin malami, da sunan makarantar da zai je. Darajar takardar ita ce abin da aka rubuta a sashen ilimi ya zama wajibi a kan hukuma, ko tana da kuɗi ko ba ta da su.

Yaron da ba shi da takardar yana ƙarƙashin mataki na ƙasa, inda makaranta ke taimaka masa daga aljihunta. Ana sa ran ta ɗauki nauyin fam 6,000 na farko a kan kowane irin wannan ɗalibi kafin ta nemi ƙari. Yara fiye da miliyan ɗaya ne a wannan mataki, kuma iyayensu ba su da takardar da za su riƙa su je kotu a tilasta wa kowa.

Makarantun kuwa iri-iri ne: na gama-gari da kowa ke zuwa, na musamman mallakar gwamnati, na musamman masu zaman kansu da hukuma ke biyan kuɗinsu, sai sassa na musamman da ake buɗewa a cikin makarantun gama-gari. Fiye da kashi 70 cikin 100 na ɗalibai masu galahanga a Ingila suna makarantun gama-gari ne.

## Alƙaluman da suke saɓa wa juna

Duk wanda ya nemi sanin ko iyaye sun gamsu zai ci karo da amsoshi biyu masu karo da juna, kuma kowacce tana da bincike a bayanta.

A 2017 Ma'aikatar Ilimi ta wallafa sakamakon tambayoyin da aka yi wa iyaye da matasa fiye da 13,000 da suka samu sabuwar takardar a 2015. Kusan biyu cikin uku sun ce sun gamsu da yadda al'amarin ya gudana. Shekara goma kafin nan, wani bincike a gundumar Northamptonshire kan iyayen yara masu galahanga da ke makarantun gama-gari ya sami kusan kashi 60 cikin 100 suna cewa sun gamsu. Sai ga ƙungiyar National Autistic Society a 2021, bayan ta ji ta bakin mutum fiye da 4,000, ta ce kashi 74 cikin 100 na iyaye sun ce makarantar da 'ya'yansu suke ba ta biya musu buƙata gaba ɗaya ba, kuma ɗaya cikin huɗu ya jira fiye da shekara uku kafin ɗansa ya sami tallafi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira ƙarya. Bambancin yana cikin wanda aka tambaya da yadda aka tambaye shi. Binciken gwamnati ya shafi waɗanda suka riga suka samu takardar ne, saboda haka uwar da aka ƙi ko tantance ɗanta ba ta cikin lissafi. Binciken ƙungiya kuma wanda ya ga dama ne ke amsawa, kuma wanda ransa ya ɓaci ya fi saurin zama ya cika takarda fiye da wanda al'amuransa ke tafiya daidai. Sai kuma kalmomin tambayar. Uba zai iya cewa ya gamsu da makarantar ɗansa, a lokaci guda ya ce ba ta biya buƙatar yaron gaba ɗaya ba, kuma duka biyun gaskiya ya faɗa. Lokaci ma ya yi tasiri: an yi binciken 2021 ne a tsakiyar annobar korona, bayan an sha rufe makarantu an dakatar da ayyukan ƙwararru.

Akwai wani abu da alƙaluma ke haɗiyewa. Iyaye da yawa suna yaba malamar aji da mataimakiyar da ke zama kusa da yaron, suna kuma kuka da ƙaramar hukumar da ta riƙe musu takarda wata da watanni. In an dunƙule su a tambaya ɗaya, amsar ta dogara ne da wanda ya fara faɗo wa mai amsawa a rai. Haka nan gamsuwa tana tafiya da abin da mutum ya sa rai. Wanda makarantu uku suka ƙi karɓar ɗansa, ta huɗu ta karɓa, zai yi godiya ko da yaron zaman aji kawai yake yi. Wanda aka karanta wa haƙƙinsa a doka zai auna makarantar da wannan haƙƙin.

Yaran da kansu ba a cika tambayarsu ba. A binciken 2021 da aka tambaye su, kashi 26 cikin 100 ne kawai suka ce suna jin daɗin makaranta, bakwai cikin goma kuma suka ce da malamai sun fi fahimtar galahanga da makaranta ta fi musu daɗi.

Saboda raunin ra'ayin baki ne masu sharhi suka koma duba abin da iyaye ke aikatawa. A shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015 ƙararraki 3,000 da 'yan kai aka shigar gaban kotun musamman. A 2023 zuwa 2024 sun kai kimanin 21,000, kuma cikin waɗanda alƙalai suka yanke wa hukunci, kusan kashi 99 cikin 100 iyaye aka bai wa gaskiya. Wannan adadi yana buƙatar a karanta shi da hankali. Ko a sashe ɗaya na ƙarar iyaye suka yi nasara, ana lissafa ta a nasu. Ƙararraki da yawa kuma ba sa kaiwa gaban alƙali, domin hukuma kan janye ko a sasanta. Ƙananan hukumomi suna tunatarwa cewa kaso kaɗan ne na hukunce-hukuncensu ake ƙalubalanta. Ƙungiyoyin iyaye su kuma suna cewa ƙarancin masu kai ƙara alama ce ta wahalar hanyar, tunda akan jira kusan shekara kafin a saurari mutum. Ko ta wane gefe aka duba, hukumar da ke shan kaye a kusan kowace shari'a tana da abin dubawa a yadda take yanke hukuncin farko.

## Yadda aka iso nan

Tushen tsarin shi ne rahoton kwamitin Mary Warnock na 1978 da Dokar Ilimi ta 1981 da ta biyo baya, waɗanda suka kawar da rarraba yara bisa sunan nakasa suka koma duba buƙatar kowane yaro. Sanarwar Salamanca ta 1994, ƙarƙashin UNESCO, ta ƙara tura ƙasashe zuwa ga haɗa yara duka a makaranta ɗaya. A wannan shekarar ce kuma kotun musamman ta fara aiki a Ingila.

Koken iyaye ba sabon abu ba ne. A 2009 gwamnati ta karɓi rahoton Brian Lamb, wanda aikinsa kacokan shi ne binciko dalilin da ya sa iyaye ba su amince da tsarin ba. Abin da ya gano shi ne ba a sauraronsu, ba a ba su bayani, kuma sai sun yi faɗa kafin su samu abin da doka ta riga ta ba su. Dokar 2014 an yi ta ne don magance wannan. Ta yi alƙawarin sa iyaye a tsakiyar shawara, ta haɗa ilimi da lafiya da kula da jin daɗi a takarda ɗaya, ta kuma faɗaɗa haƙƙin daga haihuwa har shekara 25.

Sai dai dokar ta zo ne a lokacin tsuke bakin aljihu. Kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi a Ingila ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 a zahiri tsakanin 2010 da 2020, an rage mataimakan malamai a wurare da yawa, an rufe cibiyoyin kula da ƙananan yara masu yawa, masana halayyar ɗalibai da ke yi wa hukumomi aiki kuma suka yi ƙaranci. Taimakon da a da makaranta ke bayarwa ba tare da wata takarda ba ya ja baya.

A daidai wannan lokaci yawan waɗanda ake ganowa suna da galahanga ya yi tashin gwauron zabi. Wani bincike na Jami'ar Exeter ya nuna ƙarin kashi 787 cikin 100 a Birtaniya tsakanin 1998 da 2018. Masana sun fi danganta shi da faɗaɗa ma'anar lalurar, da wayewar kai, da fara gane ta a jikin 'yan mata da manya waɗanda a da ake tsallake su. Asibitoci ba su iya ɗaukar wannan nauyi ba: a 2024 mutum fiye da 200,000 ne ke layin jiran gwaji a Ingila, alhali ƙa'idar lafiya ta ce a fara ganin mutum cikin wata uku.

Daga nan abubuwa suka shiga cin juna. Makarantar gama-gari ba ta da kuɗin taimaka wa yaro, sai ta ce wa iyaye su nemi takarda. Buƙatun takarda suka yi yawa, hukumomi suka kasa cika wa'adin mako 20. A 2023 rabi kawai aka bayar a kan lokaci. Kafin takardar ta iso yaron ya riga ya tsani makarantar, iyaye suka nemi ta musamman. Na gwamnati sun cika, sai a koma masu zaman kansu, inda rahoton 2024 ya nuna ɗalibi ɗaya na cin kimanin fam 61,500 a shekara, a maimakon 23,900 a ta gwamnati, ban da kuɗin motar da za ta kai shi ta dawo da shi, wani lokacin tafiyar sama da awa ɗaya. Kuɗin da ya tafi can shi ne ba a samu ba don taimakon farko a makarantar unguwa. Wannan ne ya sa ƙarin biliyoyin bai koma ƙarin gamsuwa ba.

## Abin da iyaye ke kuka da shi a cikin makaranta

Binciken Northamptonshire ya gano wani abu da bincike-binciken baya suka yi ta maimaitawa: abin da ya fi raba iyayen da suka gamsu da waɗanda ba su gamsu ba shi ne ko suna jin malamai sun fahimci yaron, da kuma ko makarantar tana da sassauci. Sau da yawa abubuwan da ake nema ba masu tsada ba ne. A bar yaro ya fita aji minti biyar kafin cunkoso, a sanar da shi tun da wuri in za a sauya malami, a ba shi ɗaki mai shiru lokacin hutu, a ƙyale shi ya sa rigar da ba ta cizon fatarsa ko da ta ɗan saɓa wa kayan makaranta. Inda aka ɗauki waɗannan a matsayin shagwaɓa, nan rikici ke farawa.

Babban wurin saɓani shi ne yaron da ke danne halinsa a makaranta. Yakan wuni yana kwaikwayon sauran yara, yana haɗiye damuwa, malamai su ga ɗalibi mai natsuwa. Da ya shiga gida sai kuka da jifa da ƙin cin abinci su ɓarke. Uwa ta je ta faɗa, a ce mata a nan lafiya lau yake, wanda a kunnenta ke nufin matsalar daga gida take. Iyaye a nan suna ganin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, makaranta kuma tana ganin ba za ta rubuta abin da ba ta gani da idonta ba. An fi samun wannan ga 'yan mata, kuma yana daga cikin dalilan da ke sa a makara wajen gano su.

Gamsuwa kan ragu idan yaro ya girma. A firamare malama ɗaya ce ta san shi ciki da bai, tana haɗuwa da uwarsa a bakin ƙofa kullum. A sakandare malamai goma ne ko fiye, ɗakuna daban-daban, ƙararrawa, ɗalibai dubu, ga tsangwama daga tsara. A nan ne yara da yawa ke fara ƙin zuwa, kuma dokar halartar makaranta tana iya kai iyaye ga biyan tara a kan yaron da tsoro ne ya hana shi fita.

Sai batun kora. Ɗalibai masu galahanga sun fi sauran fuskantar dakatarwa, ban da korar bayan fage, inda ake kiran uwa da tsakar rana ta zo ta ɗauki ɗanta ba tare da an rubuta komai ba, abin da doka ba ta yarda da shi ba. A 2018 wata babbar kotu ta yanke hukunci a shari'ar wani yaro ɗan shekara 13 cewa makaranta ba za ta fake da cewa ɗalibi yana da halin duka ta kore shi ba, in halin daga lalurarsa ya taso, sai ta nuna ta yi gyare-gyaren da suka dace tukuna. Kowace irin wannan kira na tsakar rana yana nufin wani ya bar wurin aiki, kuma galibi uwa ce.

## Matsayin ɓangarori

Ƙungiyoyin da ke ba iyaye shawarar shari'a, irin su IPSEA, suna cewa dokar ba ta da laifi, rashin bin ta ne matsalar. Hujjarsu ita ce sakamakon kotu, da kuma yadda ofishin sauraron koke kan ƙananan hukumomi ke tabbatar da fiye da tara cikin goma na ƙorafe-ƙorafen wannan fanni da ya bincika. A ganinsu duk gyaran da zai rage haƙƙin zuwa kotu zai rage ƙararraki ne kawai, buƙatar yaran tana nan.

Ƙananan hukumomi suna cewa an ɗora musu wajibin da ba shi da iyaka a kan kasafin da ke da iyaka. Kotu tana duba yaro ɗaya ne, su kuma suna raba kuɗi tsakanin dubbai, kuma ba su da ikon tilasta wa makarantun da suka fita daga hannunsu su karɓi ɗalibi cikin sauƙi, ko su sa asibiti ya hanzarta. Suna kuma nuna cewa tsarin yana fifita mai bakin magana da kuɗin lauya.

Shugabannin makarantu suna tsakiya. Ana auna su da sakamakon jarrabawa da yawan halarta, kuma makarantar da ta yi suna wajen karɓar masu buƙata ta musamman takan jawo ƙarin irinsu, tare da fam 6,000 na kowanne, adadin da ba a ɗaga ba tun 2013. Wato tsarin yana hukunta wadda ta buɗe ƙofa.

Kan tambayar ko a haɗa yara ko a ware, iyayen kansu sun rabu. Masu goyon bayan haɗawa suna kafa hujja da Sashe na 24 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa ta 2006, suna cewa warewa tun yarinta ita ke haifar da warewa a girma. Wasu kuma suna cewa zaman yaro a bayan aji da mataimaki, ba aboki ba fahimtar darasi, wariya ce da aka sauya wa suna. Birtaniya da kanta, lokacin da ta amince da yarjejeniyar a 2009, ta keɓe wa kanta damar ci gaba da makarantu na musamman, ita ma Warnock a 2005 ta fito ta ce a sake duba yadda ake aiwatar da haɗawar. Akwai kuma 'yan siyasa da ke cewa an wuce gona da iri wajen laƙaba wa yara lalura. Masu mayar musu da martani suna cewa ko an cire sunan, yaron da ya kasa zama a aji yana nan yana buƙatar taimako.

## Amurka da Nijeriya

Amurka ta bi hanya mai kama da wannan tun dokar ilimin yara masu nakasa ta 1975, wadda aka sa galahanga a cikinta a matsayin rukuni na kanta a 1990. Can ma shari'ar da ta fi tasiri a 'yan shekarun nan ta yaro mai galahanga ce. Iyayen Endrew F. a jihar Colorado sun cire shi daga makarantar gwamnati saboda kusan manufofi iri ɗaya ake sake rubuta masa kowace shekara. Kotunan ƙasa suka ce ci gaba ɗan kaɗan ya wadatar. A Maris 2017 Kotun Ƙoli baki ɗaya ta yi watsi da wannan ma'auni, ta ce dole shirin karatun ya zama wanda zai ba yaro damar ci gaban da ya dace da yanayinsa. Iyayen sun kwashe shekaru kusan bakwai kafin su kai nan.

A Nijeriya, Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa tare da ma'aikatan da aka horar. Amma ba ta zo da takardar yaro ɗaya-ɗaya irin ta Ingila ba, ko kotu ta musamman da uba zai nufa. Tsofaffin makarantun musamman na Arewa, irin ta Gindiri a jihar Filato da ta Tudun Maliki a Kano, an gina su ne kan buƙatun makafi da kurame, cibiyoyin galahanga kuma galibinsu na kuɗi ne, sun fi taruwa a Legas da Abuja. Saboda haka rashin jin irin hayaniyar Ingila a nan ba ya nuna iyaye sun fi gamsuwa. Ƙararraki 21,000 suna samuwa ne a inda akwai wurin kai ƙara.

## Abin da ke gaban iyalai

Gwamnatin Labour da ta hau mulki a Yulin 2024 ta nuna alƙiblarta ita ce ƙarfafa makarantun gama-gari. Ta ƙara fam biliyan ɗaya a kasafin fannin, ta kuma ware fam miliyan 740 don gyara gine-gine da buɗe sassa na musamman a cikinsu. In hakan ya yi aiki, iyalin da zai fi amfana shi ne wanda ba shi da halin faɗa: wanda ba zai iya biyan ɗaruruwan fam ko fiye don rahoton masani mai zaman kansa ba, ko baƙon da harshen takardun hukuma ke yi masa nauyi, ciki har da iyalan Afirka da ke zaune can. A tsarin yanzu irin waɗannan ne ke karɓar amsar farko ta "a'a" su haƙura.

Haɗarin yana cikin jerin matakan, in har gyaran ya haɗa da rage yawan takardun tallafi. Horar da malamai da samar da masu koyar da magana da masana halayyar ɗalibai aikin shekaru ne, rage yawan takardu kuwa ana iya yin sa da sauya doka ɗaya. In ragewar ta riga ginawar, yaran da ke tsakiya, waɗanda suke iya magana da karatu amma aji mai mutum talatin ya fi ƙarfinsu, su ne za su rasa kariya ba tare da sun sami madadinta ba. Shi ya sa iyaye da yawa da suka fi kowa sukar tsarin suke kuma fi kowa tsoron a taɓa shi.

Lamarin bai tsaya kan masu lalura ba. Giɓin da ƙananan hukumomi suka tara a wannan fanni an ƙiyasta a 2024 cewa zai kai kusan fam biliyan 4.6 a Maris 2026, kuma wata dabarar lissafi ce ta wucin gadi ke ba su damar ajiye shi a wajen littafin kasafinsu. Ofishin Binciken Kuɗi ya yi gargaɗin cewa da an cire wannan rangwame a lokacin, kashi 43 cikin 100 na hukumomin za su iya shiga halin ayyana cewa sun kasa daidaita kasafi, abin da kan jawo rufe ɗakunan karatu, rage gyaran hanyoyi da ƙarin harajin gida ga kowa. A 2025 gwamnati ta tsawaita rangwamen zuwa ƙarshen Maris 2028.